Kaka a Kunnen Hagu

A Maradi aikina sa mutane maimaici ne. Ina wani ɗan stidiyo bayan kasuwa, ɗaki guda da muka manna wa katifu a bango, muna yin tallar rediyo da waƙoƙin biki na samari. Mutum ya shigo, in sa mishi kaske, abin sauraren nan mai rufe kunnuwa, a kai, ya yi, in ce sake. Ya sake, in ce sake. Wani sai ya yi sau goma kahin in ce to, ta yi. Daga nan in zaɓi mai kyau guda, sauran in goge. Hannuna ya saba da gogewa har ba na tunani a kai.

Patron ɗinmu, mai stidiyon, yana da wata ƙaramar na'ura da muke hita waje da ita, girmanta bai wuce littafin ɗan makaranta ba, da batir take aiki. Layi huɗu gare ta. Kana iya ɗaukar murya a layi na ɗaya yau, ka dawo bayan wata guda ka ɗora wata muryar a layi na biyu, in an kunna su tare ka rantse mutanen a wuri ɗaya suke. Kuma kowane layi yana aje ɗauka da yawa, ta farko, ta biyu, ta uku, ba ya taka wata sai in kai ka ce ya taka. Ita na ara, na sa kart ɗina na aje sauti a ciki, na hau mota zuwa Tasawa, na wuce Maijirgi, na sauka daga gudron, hanyar kwalta, na hau moto mai ƙafa biyu zuwa ƙauyen su mamata.

Abin da ya kai ni waƙa ce guda. Kakata, wadda ta haihi mamata, tana da wata waƙar lugude da suke yi ita da Ƙawa. Ƙawa ba danginmu ba ce. Ƙawar Kaka ce tun suna ƴan mata, irin ƙawancen nan da ake ƙullawa da goro da ƙwaryar hura kowa ya shaida. Kaka ba ta kiran sunanta, Ƙawa kawai take cewa, sai duk gidan muka ɗauka, har mu jikoki. Lokacin da ake kai mu hutu muna yara, da hantsi za ka ji su ƙarƙashin iccen bedi: turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, ba sa taɓa karo. Kaka ta bada waƙa, Ƙawa ta amsa. Yanzu inji ya cinye yawancin dakan, ƴan matan gidan ba wadda ta iya waƙar. Na ce bari in ɗauke ta tun suna nan.

Na iske Kaka ita kaɗai tana gyaran wake a faifai.

“Ga ango ya zo,” ta ce. “Ba sabulu, ba atamfa, sai rediyo. Haka ake zuwa wurin mata a birninku?”

“Ba rediyo ba ce, tsohuwa. Muryarki na zo ɗauka, ke da Ƙawa.”

“To ka makara. Jikarta ta haihu, tana Korgom, sai an yi arba'in.”

Kwana biyu gare ni. Na ce ba komai, ta yi nata, ta bar wa Ƙawa wuri. Na yi mata bayanin layi na ɗaya da layi na biyu, har da zane a ƙasa da tsinke. Ta saurara tana kallona kamar na zo sayar mata da maganin ƙarya.

“Wato in yi magana da wadda ba ta nan, in yi shiru in jira ta amsa, ita ko tana can tana dama kunun mai jego.”

“Haka ɗin.”

“Mahaukacin tashar Tasawa ma haka yake yi, shi ko rediyo ba shi da ita.”

Amma ta tashi. Ta sa aka mirgino turmi, ta zuba gero, ta yayyafa ruwa, ta gyara ɗaurin zane. Na kafa mikro, na danna jan buton. Ta sauke taɓarya, ta bar hili, ta sauke, ta bar hili, sannan ta ɗauko:

Geron gonar gabas, wa ya kai shi turmi?

Ta yi shiru daidai inda Ƙawa ke cewa “mu biyu ne, mu biyu.” Ta ɗora na gaba.

Ni ko idona na kan ekran, ɗan gilashin na'urar. Duk saukar taɓarya sai ƴar hitila ta yi ja, alamar ƙarar ta wuce ƙarfin na'ura, tana fashewa. A stidiyo in ka kai wa patron abu mai ja haka, ko saurara ba ya yi. Na daure minti biyu da wani abu, sai na ɗaga hannu na ce ta tsaya, ta aje taɓaryar, tana ɓata min. Ta ce “Af!” ta jingine ta a bedi.

Ɗauka ta biyu na zaunar da ita a tabarma. Tana tsakiya jakin maƙwabta ya buɗe baki. Ta uku na shigar da ita ɗaki, na rufe ƙofa, na rataya bargo a taga, na sa mata mikro kusa da baki. Ta yi waƙar tun daga farko har ƙarshe, hannunta a cinya, duk inda Ƙawa ke amsawa ta bari. Tsaf, ba ƙara, ba ja. Na ce mata wannan ko a Yamai aka ji sai an tafa.

“In an tafa ka kawo min sabuluna,” ta ce.

Na yi niyyar goge biyun farko a hanya. Mai moton da ya ɗauko ni ya cika ni da labarin tsadar esans, man moto, na manta. Da na isa na zare kart na jefa a aljihun jaka, na mayar wa patron na'urarsa.

Ƙawa ta dawo daga Korgom, ni ban koma ba. Azumi ya zo, aiki ya yi yawa. Bayan salla bukukuwa. Kullum sai in ce wata mai zuwa. Ruwa ya sauka, na ce bari hanya ta bushe. Cikin daminar nan, wata ranar Talata ina tsakiyar ɗaukar tallar wani mai magani, mamata ta kira. Kaka ce, zazzaɓi na kwana uku. Kahin mu isa har an kai ta.

Na ɗauki makonni ban taɓa kart ɗin ba. Ranar da na sa shi, rana ce tsaka, patron ya tahi masallaci, ba kowa. Na kunna ta uku, mai kyan. Muryar ba ta tayar min da hankali ba, na shirya mata. Wuraren da ta bari ne. A ɗakin nan na kusanta mikro sosai, don haka in ta yi shiru kana jin numfashinta. Tana ja, tana riƙewa, tana jira. Duk baiti sai ta tambaya, ta tsaya, ba wanda ya amsa, ta ci gaba. Na ƙirga wuraren ban san dalili ba. Na kashe, na hita na tsaya a rana bakin mai shayi har patron ya dawo ya ce lafiya.

Daga ranar, in ina aiki wani ya yi shiru tsakanin baiti, sai in ji kamar ita ce za ta ja numfashi. Na gane ba zan huta ba sai an cike wuraren nan, kuma mutum ɗaya ce a duniya za ta iya cikewa, ita ma ta haura saba'in.

Bayan girbi na sake aron na'urar.

Na iske Ƙawa a gidanta, ta rame, amma idon nan nata yana nan da kaihi. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta yi min. Ina neman ta inda zan fara, ta riga ni.

“Ka zo da akwatin?”

“Wane, Ƙawa?”

“Na muryar. Ta ce min mijinta, kai ke nan, ya ɗauke ta ya sa a akwati, ta bar min wuri a ciki. Duk sanda mota ta yi ƙara sai ta ce ga shi nan ya zo mu gama.” Ta kalle ni. “Ka daɗe, ɗan birni.”

Na ce na daɗe.

Washegari da hantsi ta zo gidan Kaka da sandarta. Matar kawuna, wadda ke riƙe da gidan yanzu, ta shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin bedi. Na yi wa Ƙawa bayani: dole ta sa kaske, don in na kunna muryar a hili mikro zai sake kwasarta, su cakuɗe. Ta ce in sa. Na ɗora mata bisa kallabi, na sa nawa, na zaɓi ɗauka ta uku, na danna.

Geron gonar gabas...

Ta hizge kasken ta yar a tabarma. “A'uzu billahi!” Matar kawu ta taso da gudu.

“Ya yi ƙara ne? In rage?” na ce.

“Tana cikin kaina,” Ƙawa ta ce, ta dafa tsakiyar goshinta. “Nan. Cikin ƙoƙon kaina take magana. Me ka yi mata?”

Sai lokacin na tuna. Murya guda in ta shigo kunne biyu daidai wa daida, ba ka jin ta a waje, a tsakiyar kai kake jin ta. Mu mun saba, tun muna yara abin nan ke kunnenmu. Ita ba ta taɓa sa kaske ba a rayuwarta, kuma muryar farko da ta shiga kanta ta wadda ta yi wa wanka ce wata huɗu da suka wuce.

Na ce ta yi haƙuri, ina iya hitar da muryar daga cikin kanta. A kan kowane layi akwai wani ɗan abin murɗawa, pan muke ce mishi. In yana tsakiya murya na tsakiya, in ka murɗa shi murya ta koma gefe. Na nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana kallon ɗan abin nan. Ta sha ruwa, ta yi salati, ta ce in mayar mata.

Na murɗa dama na kunna. Ta saurara kaɗan, ta girgiza kai.

“Ba nan take ba.”

“Ina take?”

“Hagu. Bahaguwa ce, ka manta? In ta tsaya min a dama gwiwar hannunmu na haɗuwa. Tun muna ƴan mata hagu take tsayawa.”

Ni ban ma taɓa lura Kaka bahaguwa ce ba. Na murɗa hagu har ƙarshe.

“Kai! Ka manna min ita a kunne kamar mai kawo gulma. Ja ta baya.”

Na dawo da shi kaɗan kaɗan, tana cewa ƙara, ƙara, har ya tsaya wajen da ƙarfe goma ke zama a agogo. Ta ɗaga hannu. Na ga ta ɗan juya huska hagu, ta janye ƙafarta ta hagu ta naɗe, kamar yadda kake yi in wani zai zauna kusa da kai. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina duba batir.

Na buɗe layi na biyu muka fara. Kaka ta bada, Ƙawa ta buɗe baki, ta shigo a makare. Baiti na biyu ta riga, ta hau kan muryar Kaka. Na tsayar, na ce ba komai, mu sake, na'urar na aje kowace. Muka sake. Muka sake. A ta huɗu ko baki ba ta buɗe ba, ta zauna tana sauraro da goshi a tamke. Ta zare kasken a hankali.

“Ina taɓaryarta?”

“Babu. A zaune ta yi.”

“Wa ya zaunar da ita?”

“Ni.”

“Shi ya sa. Wagga ba waƙa take ba, karanta maka take kamar ƴar makaranta. Ji yadda take jan shi. Ita in tana daka ba ta da sarahin jan murya haka, numfashi ba ya isa.” Ta buga tahin hannu a cinya, ta ɗaga, ta buga. “Ni ba muryarta nake bi ba. Tata ta sauka, tawa ta sauka, amshin bisa tawa yake faɗawa. Ka cire taɓarya, ta ina zan shiga? Shekara nawa muna yi ban taɓa ƙirga ba, hannu ke sani.”

Na zauna da ɗaukar da na hi alfahari da ita a hannuna, ba ta da amfani. Kuma ba Kaka balle in ce sake.

Na ce, a hankali, akwai wata. Ta farko. Da taɓarya a ciki, amma ta ɓaci, ƙarar ta fashe, ban ma sake saurarenta ba tun ranar.

“Ɓatacciyar nake so,” ta ce. Ta juya ga matar kawu. “Ɗiyata, kawo turmin uwarku. Da gero, ba na daka iska.”

Matar kawu ta ce, “Inna, za ki iya kuwa? Bari in riƙa miki.”

“Ke da wa kunka taɓa yi? Kawo dai.”

Aka mirgino turmin, aka zuba gero, aka yayyafa ruwa. Ƙawa ta auna taɓare biyu a hannu ta ɗauki marar nauyi. Ta zagaya ta tsaya a inda take so, ta bar gefen hagunta a buɗe. Wayar kasken na bi da ita ta bayan rigarta na soke a ɗaurin zane don kar ta sarƙe hannu. Wannan karon na ja mikro baya na rage ƙarfinsa, abin da ya kamata in yi bara ke nan, aikin daƙiƙa biyar. Na mayar da layi na ɗaya kan ɗauka ta farko, na bar pan a inda ta tsayar, nata layin na karkata shi dama daidai haka. Na danna.

Dum, a hagu. Fasasshe, mai ƙura, na bara.

Dum, a dama. Na yanzu, har ƙasa na motsi ƙarƙashina.

Ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Kaka ta tambaya, muryarta a yanke da haki, Ƙawa ta amsa bisa saukar taɓaryarta, mu biyu ne, mu biyu. Tsohuwar da ta shigo da sanda ta miƙe, kafaɗarta na juyawa. A kunnena turmi ɗaya ne da mata biyu. Har kurciyar bara tana kuka a hagu, ta bana na kuka a dama. Da na ɗaga kai, turmi ne da mace guda da inuwar bedi.

Matar kawu ba ta da kaske. Abin da take ji kawai tsohuwa na daka, tana barin hilin wata taɓaryar, tana amsa wa ba kowa. Na ga ta rufe baki da gefen mayafi, ta ja da baya ta shige madafa.

Ni na shagala. Na manta ɗaukar nan ba ta kai ƙarshe ba, na manta abin da ya tsayar da ita. Suna tsakiyar baiti sai wata murya ta faɗo a hagu, muryar yaro mai sauri, mai jin ya san aiki:

“Kaka, tsaya, tsaya! Aje taɓaryar, tana ɓata min.”

“Af!” in ji Kaka. Ƙit. Hagu ya mutu.

Taɓaryar Ƙawa tana sama. Ta tsaya a can kamar an riƙe ta. Ƙawa ta kalle ni, ba da hushi ba, kallo ne kawai na wanda ya gane abin da ya faru a ranar da ba ya nan. Na kai yatsa kan buton zan tsayar.

Ta sauke. Dum. Ta bar hili. Dum. Ta mayar da huska hagu, ta jira tsawon tambayar da ba a yi ba, ta amsa. Na janye yatsana. Ta bi waƙar a haka baiti bayan baiti, ita kaɗai, tana barin wa Kaka nata wurin kamar yadda Kaka ta bar mata, har ta kai ƙarshe. Ta jingine taɓaryar a bakin turmi, ta zare kasken ta miƙo min. Gumi ya jiƙa kallabin.

Ta sa hannu a turmin ta murza geron. “Bai surfu ba. Taɓarya ɗaya ce.” Ta ƙwala wa matar kawu kira ta zo ta ƙarasa.

Bakina ya riga ni. “Ƙawa, ko mu ƙara guda, don ko da...”

“Kai dai ba ka iya barin abu ya ƙare.” Ta ɗauki sandarta. “Da ka bar ta ranar nan, saura baiti huɗu kawai.”

Na raka ta har ƙofar gidanta. Ba ta nemi ta ji abin da muka ɗauka ba, ni ma ban ce ta ji ba. Ta ba ni gyaɗa a ƙulle cikin leda ta ce in kai wa mamata.

A Maradi na zuba komai a ordinatar, kwamfutar stidiyo. Dabara ta farko da ta zo min, in yanko baiti huɗun nan daga ɗauka ta uku in cusa a wuraren da Ƙawa ta bari. Na gwada yini guda. Ba su shiga. Kaka ta zaune tana da numfashi mai tsawo, wuraren Ƙawa na mai daka ne, gajeru. Na matse muryar da na'ura har ta shiga, sai ta koma kamar ta wata mata da ban sani ba. Patron ya leƙo ya saurara, ya ce in yanke a inda Kaka ta tsaya in sa ƙarar ta dushe a hankali, ba wanda zai sani. Na ce to. Ban yi ba.

Na bar shi yadda yake. Rabin farko mata biyu, rabin ƙarshe kunnen dama kawai. Muryata ce na yi ta kai da kawo a kanta, in yanke, in mayar. Wanda na aika wa dangi a waya babu ita. Wanda ke wurina tana nan. Wata ƴar ƙanwar mamata ta turo saƙo tana tambaya ko kaskenta ne ya lalace, gefe guda ya daina. Na ce mata kaskenta lafiya lau.

Ina gyaran ƙarshe ne na lura da wani abu. A ekran murya tudu-tudu take hitowa, shiru kuma layi ne a miƙe, don haka kana ganin tsawon kowane wuri da ido. A rabin da Ƙawa ta yi ita kaɗai, wuraren da ta bari duk tsawonsu ɗaya, kamar an auna da igiya. Sai guda, kahin baiti na ƙarshe. Ya ninka sauran. Taɓarya ta sauka sau huɗu ba amshi. Na ƙara ƙarfi na sa kunne. A ƙarshen shirun, kahin ta amsa, Ƙawa ta yi dariya. Ƴar gajeruwa, ta hanci, irin wadda kake yi in an faɗa maka abin da ka ji sau dubu kuma har yanzu yana ba ka dariya.

Na koma ɗauka ta uku, wadda Kaka ta yi har ƙarshe a ɗaki. A wurin nan ba komai, daga wannan baiti ta wuce wancan. Ta biyu jaki ya katse ta tun kahin nan. Na tambayi mamata, ta ce ta san suna dariya a wajen amma ba ta taɓa jin me ake cewa ba, ƙasa-ƙasa Kaka ke yin sa, ƙarar turmi na rufewa.

Na kira wayar matar kawu na roƙe ta ta kai wa Ƙawa. Na ji takunta, na ji sallama, na ji kaji.

“Ɗan birni. Wani sakewar ne?”

“A'a, Ƙawa. Tambaya ce. Kahin baiti na ƙarshe kin daɗe ba ki amsa ba, kuma kin yi dariya. Me Kaka ke cewa a wurin?”

Na ɗauke wayar daga kunne na duba ko rezo ne ya ɗauke, layi ya yanke.

“Har wannan akwatin ya kama?”

“Dariyarki kawai. Nata babu. A ɗaki ba ta faɗa ba.”

“Ina za ta faɗa, kana zaune gabanta ka ƙura mata ido.” Na ji ta sake yin dariyar nan ta hanci. “Ba maganar yara ba ce. Tsakaninmu ne.”

“Ko kaɗan, Ƙawa. Ba zan sa a ciki ba, ni dai in sani.”

“Ka gaida uwarka,” ta ce, ta miƙa wa matar kawu wayar.